Kwanon Mama Ozella Yana Cikin Motata

Mama Ozella Tarver, uwar ƙaramin cocin Baftis na Tallow Creek a Alabama, wato babbar dattijuwar matan cocin, ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, tana da shekara tamanin da ɗoriya. Labarin ya riske ni a wani gidan mai can cikin Georgia. Fasto Whitlow ne ya kira ni. Ya ce da hantsi aka same ta a kujerarta ta baranda, da tiren wake a cinya, ta ɓare rabi. Na yi mata addu'a a tsaye, na kashe wayar, na buɗe ƙofar mota. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne kwanonki, Mama, yana kujerar mai zaman banza, na ɗaure shi da bel kamar yadda na saba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lemuel Gaines, sana'ata gyaran piyano. Ƙananan coci-cocin ƙauye nake bi, daga Mississippi zuwa Georgia, inda duk aka ce kiɗa ya karkace. Da matata Althea ta rasu, ba mu da ɗa ba mu da jika, sai na sayar da gidan, don shirunsa ya fi ƙarfina. Tun daga nan mota ta zama ɗakina, masaukin gefen hanya ya zama makwancina. A wannan hali kika tsince ni.

Ranar Asabar ce, jajiberin Lahadin dawowa gida, wadda 'yan garin da suka watse a birane suke komowa a yi sujada a ci abinci ƙarƙashin itatuwa. Na gama gyaran piyanonku, ƙamshin girki yana ta kai mini naushi daga kicin ɗin bayan coci, na sulale na shige mota na buɗe gwangwanin kifi da busasshen biskit. Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi da ludayi. Wata 'yar tsohuwa ce, gajera, fuska a murtuke.

Kika ce, "Kai mai piyano, rowa ce ko mutuwa aka yi maka?"

Na ce, "Mutuwa ce, Mama. Matata."

Kika ce, "To shi ne za ka bi ta da kifin gwangwani? Fito mini a motar nan kafin raina ya ɓaci."

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni dai ban taɓa ganin kin shimfiɗa fuska ba, duk fara'arki a faranti kike zuba ta. Kika zaunar da ni a bencin kicin, kika ɗora mini soyayyar kaza, da ganyen da ya yini a kan wuta, da kuɓewa soyayya, da wake mai baƙin ido, da yankan burodin masara mai zafi, kika dangwara mini kofin shayi mai ƙanƙara. Ba ki tambaye ni komai game da Althea ba. Kin dai tsaya a kaina har na share farantin, hawaye na zuba ina tauna, matan kicin kuwa kowace ta sami abin kallo a cikin tukunyarta.

Da zan tafi kika miƙo mini kwanon tangaran mai murfi, fari da shuɗin fure, cike da makaroni da cuku. Kika ce, "Ba kyauta ba ce. Duba gindinsa, sunana na nan a jikin salatif. Kuma a garin nan ba a mayar da kwano wayam." Na ce hanyata ba za ta sake biyowa nan ba sai baɗi. Kika ce, "Kwano ba ya sauri."

Ban kai baɗin ba. Kwanon mutane yana zaune kusa da kai, ka hau tudu ya yi ƙara, ka taka burki ya yi ƙara, ai ba ka da sukuni. Kafin sanyi ya shiga na juyo, na cika shi da dafaffiyar gyaɗa daga wani mai rumfa a bakin hanya. Kika karɓa, kika juye, kika wanke, kika cika shi da tarwaɗa kika miƙo mini. Sai a lokacin na gane tarkon da na faɗa, kuma ban yi yunƙurin fita ba. Shekara da shekaru muna wannan kai-kawo. Na kawo zuma, na kawo tumatir, kowane zuwa da tsiyar da za ki yi mini. "Wannan ai saye ne, Lemuel. Ko ɓarawo ya iya saye. Yaushe za ka gasa mini burodi da hannunka?" Har koya mini kika yi: a bar kaskon ƙarfe ya yi zafi sosai kafin a zuba ƙullu, kuma kada sukari ya kusance shi.

Maganar sukarin nan ita ce yaƙinku da Mama Verdell Boykin tun kuna amare. Ita tana zubawa, ke kina cewa wanda ya sa sukari a burodin masara ya fito fili ya ce kek yake so. A benci ɗaya kuke zama kowace Lahadi, da manyan hulunanku da mafitai, kuna amsa "Amin" tare, ku fito ku ɗora daga inda kuka tsaya. Fasto ya taɓa ƙoƙarin sulhu, kuka haɗu kuka kore shi daga kicin.

Daga baya na gano ba ni kaɗai kika ɗaure ba. Rabin garin yana riƙe da kwanonki. Gwauron da ya daina zuwa coci yana da ɗaya. Matar da aka ɗaure mijinta tana da ɗaya. Duk gidan da aka yi rasuwa, ke ce farkon sallama, da kwano a hannu, kuma ba ki yarda a aiko miki da shi, sai mai shi ya tako da ƙafarsa. Zumunci a ƙafa yake, kin san haka, shi ya sa kike ba ƙafar dalilin tashi. Ni kuwa, Mama, ban da wannan kwano ba ni da wani abu a duniya da ya wajaba in mayar wani wuri. Masu kirana aiki sukan biya ni su yi mini fatan sauka lafiya, babu mai tambayar inda zan sauka. Garinku kaɗai ne idan na daɗe ake cewa na daɗe.

Saboda haka da na bar gidan man nan, na roƙi matar faston cocin da nake yi wa aiki a can Georgia ta ara mini kicin. Na gasa burodin masara, karo na farko a rayuwata. Gefensa ya ƙone, tsakiyarsa ta lotsa. Na sa shi cikin kwanonki na kama hanyar yamma. Auduga ta yi fari fat a gonaki, ana ta girbi. Na wuce garuruwan da na sani, kowane da tankin ruwansa da cocinsa, ban kunna rediyo ba. Abu ɗaya nake juyawa a raina: idan na ajiye kwanon nan a wannan zuwan, me zai sake kawo ni Tallow Creek?

An yi jana'izarki ranar Asabar. Cocin ya cika har waje, piyanon bai ba ni kunya ba. Bayan an dawo daga maƙabarta aka shiga zauren cin abinci, sai ga wani tebur guda an ware. Kwanoninki ne, Mama, duk sun dawo gida rana ɗaya, babu wanda ya zo wayam. Na ajiye nawa a ƙarshen layi, na lallaɓa na koma gefe don kada a san mai ƙonannen burodi.

Da aka gama ci, mata suka wanke kaya, suna kifa kowane kwano suna karanta suna. 'Yarki Rochelle, wadda ta bar garin tun tana budurwa ta zauna Detroit, ta zo mini da shi a goge. Yarinyar kirki ce, idonta ya kumbura da kuka. Ta ɓare salatif ɗin da farce ta ce, "Baba Lemuel, ka riƙe shi kawai, na ba ka. Ka riƙa tunawa da Mama. Ba sai ka sha wahalar dawo da shi ba." Alheri ta yi nufi, na kuma gode mata. Amma tun ranar da na rufe ƙofar gidanmu na miƙa makulli ban ji kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Na rungume kwanon na nufi mota, ban yi wa kowa sallama ba.

Ina ƙoƙarin ɗaure shi sai na ji sanda tana dukan bayan motar. Mama Verdell ce, tana haki.

Ta ce, "Kai mai piyano, gidan wa aka koya maka fita da kwano wayam? Kawo nan."

Na ce, "Mama, ai an ba ni shi."

Ta ce, "Yarinya ta ba ka, ni na ƙwace. Burodinka na ci, ya ƙone, ba sukari ko ƙwaya, ɗaci kamar bakin Ozella." Ta fizge kwanon ta juya.

Da ta dawo yana da nauyi, da ɗumi. Na leƙa ƙasansa, sabon salatif ne, da sunanta cikin rubutu mai rawa. Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Kuma ka ji ni da kyau, na girmi Ozella. Ita ta ce maka kwano ba ya sauri. Nawa yana sauri."

Na tsaya a wata inuwa bayan gari na buɗe shi. Kaza ce da ganye, da burodin masara a sama, zaƙi har kunne. Ki gafarce ni, Mama, na cinye tas. Wata mai kamawa zan mayar mata, piyano ya lalace ko bai lalace ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rochelle da 'ya'yanta, da Fasto Whitlow da jama'ar coci, da Mama Verdell wadda yanzu take zama ita kaɗai a bencinku, ba ta da abokiyar faɗa. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Mama Ozella, Ubangiji ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurinsa. Kin ciyar da mu lokacin da ba mu da mai tambayar ko mun ci. Allah ya zaunar da ke a teburinsa, wannan karon ke za a zuba wa. Mu da muke kan hanya har yanzu, ya sa mu cika da kyau. Amin.