Shekarar da Na Tsare Gida

Saura ƴan shekaru Nasara su tafi, ƙungiyarmu ta ƙwallo a Sabon Garin Maraɗi ta shiga shekara mafi muni. Muna rukunin ƙasa, mu teloli da masu dakon gyaɗa, kuma an ce wadda ta zo ƙarshe za a cire ta a ba wasu filinta.

Tun wasa na biyu mai tsaron gidanmu ya karye a hannu wajen lodin buhuna. Mai koyar da mu, wani tsohon soja ƙanen mahaifiyata, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Kai ka fi kowa tsawo. Shiga."

"Kawu, ni ban taɓa kama ƙwallo ba."

"Yau za ka fara."

Haka na yi ta kwasar ƙwallaye daga cikin raga. Ƴan garin Jiratawa ma, da muke yi wa dariya, sun zuba mani huɗu. Sai da ta kai in na zauna bakin keken ɗinki, masu wucewa su tambaye ni nawa aka ci jiya.

Wasan ƙarshe a garin Tsibiri ne. In muka yi kunnen doki mun tsira. Motar gyaɗar da ta ɗauke mu ta mutu a hanya, muka ƙarasa da ƙafa, muka shiga fili da guminmu. Har dab da tashi babu ci, sai ɗan bayanmu ya taɓa ƙwallo da hannu a gabana. Alƙalin wasa ya hura, ya ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ɗan wasansu ya buga. Na faɗa dama, ƙwallo ta yi hagu, ta bugi diddigena ta fita waje. Wallahi ban gan ta ba.

Da aka tashi babu ci, na zauna a yashi. Kawu ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Da gangan ka yi?"

"A'a, Kawu."

"To, kada ka faɗa wa kowa."

Wata tsohuwa mai sayar da fura ta miƙo mana ƙwarya, ko da yake ƴan garinsu muka hana ci. Na sha har sai da aka ƙwace ta daga hannuna. Muka kamo hanyar Maraɗi a ƙasa, ba mai sauri.