Wankan Jegona a Hawa na Tara

Shekarun baya kaɗan, lokacin da Nijar da Faransa suka ɓata, ina Lyon da cikin fari. Ni ce kan gaba wajen zafin kai a cikin ɗalibai 'yan uwana. Kullum ina waya ina cewa sojojinsu su tattara su bar mana ƙasa, alhali ina zaune a unguwar Minguettes ina cin burodinsu.

Sai rigimar ta biyo ni har ɗaki. Aka daina ba 'yan Nijar biza, jirgi ya daina zuwa Yamai, ga mahaifiyata ta gama haɗa kaya za ta zo yi mini wankan jego. Na yi kuka sosai. Mijina ya ce shi zai yi mini, mutumin da ko shayi sai ya tambaye ni inda sukari yake.

Mahaifiyata kuwa ba ta tsaya kuka ba. Daga Damagaram ta dinga buga waya, daga wannan ƙawa zuwa waccan, har ta samo wata Hajiya mai sarin atamfa a Aubervilliers, can gefen Paris. Ban taɓa ganinta ba. Washegarin sallamata daga asibiti sai ga ta ta sauko daga jirgin ƙasan Paris, da kanwa da busasshen ganyen darbejiya a jaka.

"Ɗiyata, ina babbar tukunyarku?" Abin da ta fara tambaya ke nan, ko zama ba ta yi ba.

Ta rufe shagonta ta zauna da mu. Safe da yamma tana tafasa ruwa, mahaifiyata na kallo ta bidiyo tana gyara mata.

"Hajiya, ban ga tururi ba fa!"

"Ke dai Yaya, kwantar da hankalinki. In na ƙara wuta a wannan hawa na tara, 'yan kwana-kwana za su zo."

Ni dai ina tsakiya ina ihu, ina shan kunun kanwa kamar magani.

Har yau ra'ayina kan Faransa bai sauya ba, sai dai na rage baki, don na ga cewa idan manya suka rufe ƙofa, irinmu take fara matsewa. Sai da yarinyata ta fara tafiya mahaifiyata ta samu zuwa, ta zagayo ta wata ƙasa. Tana shigowa ta ajiye jaka, ta latsa bayana da tafin hannunta. Sannan ta ce, "Kira mini Hajiya. Wankan ya kama."