Sallamar da na amsa a Wudil

Mun tashi da asuba daga Azare ranar Juma'ar da ta wuce, ni da uwar yarana da wani maƙwabcina da ya ce zai je ya ga yadda shanu suke a karar Wudil. Tun ranar Alhamis na haɗa komai wuri ɗaya: ruwa, darduma, maganin hawan jini, da hular da zan sa idan mun isa. Ba na son a tsaya a hanya ana neman abin da ya kamata a ɗauko tun daga gida.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Autata tana karatun noma a jami'ar da ke Wudil. A hutun da ya wuce ta shaida mini ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai, har an ba ta matsayin uwargida a wasan da suke shiryawa. Ban ji daɗi ba, domin noma na tura ta ta koyo. Amma da ta faɗi sunan wasan sai na sassauto. Tsohon wasa ne da muka yi muna aji bakwai a firamare, ni ne ma mai riƙe littafi a bayan labule ina tuna wa wanda ya manta. Na ce mata zan zo in gani da idona, na kuma gindaya sharuɗɗa uku. Na farko, ba rawa. Na biyu, mayafinta ba zai bar kanta ba. Na uku, ba za ta yi wa babba ba'a ba. Idan aka karya ko ɗaya, ranar za ta bar ƙungiyar. Ta san ba na maimaita magana.

A tasha na tarar kuɗin mota ya ninka abin da na biya a zuwana na baya. Na tambayi dalili, direban ya nuna mini gidan mai da baki. Hanya kuwa, in ban da 'yan wurare, ta yi kyau ƙwarai. Mun haye gadar Jama'are gari na wayewa, ruwa ya cika kogin har ya hau gonakin gefe. Gero ya fitar da kai, dawa na biye da shi. A Shuwarin muka tsaya karin kumallo. Ƙosan matar da muka saya a wurinta ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, har maƙwabcina ya tambaye ta ko na yara ne ta ba mu. Ta ce na manya ne, manyan ne suka rame.

Daga Gaya muka fara haɗuwa da manyan motoci cike da shanu, domin Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Wanda bai taɓa shiga garin a ranar ba, ya sani cewa ƙafa ta fi mota sauri. Maƙwabcina ya sauka ya nufi kara, mu kuma muka ƙarasa bakin gada. Na daɗe a tsaye ina kallon masu haƙo yashi. Wani ya nutsa, wani ya karɓa, wani ya tuƙa kwalekwale zuwa gaɓa, kowa da aikinsa, ba mai shiga na wani. Wannan ya burge ni. Mun ci soyayyen kifi da yaji a nan, uwar yara ta yi cinikin tukunyar ƙasa guda biyu, duk da na gaya mata ba za su isa Azare da rai ba.

Bayan sallar Juma'a muka shiga jami'a. Autar ta zo ta gaishe mu a gurguje, fuskarta ba walwala, ta koma wurin shiri. Ana idar da la'asar aka buɗe zauren. Ɗalibai sun cika baya, malamansu na tsakiya, sannan ga mutanen Kausani da Lajawa da suka ci kasuwa suka biyo ta nan, wasu da buhunansu a ƙarƙashin kujera. Na zaɓi kujerar bakin hanya, kusa da gaba, don in ji kowace kalma.

Ga wanda bai san wasan ba, labarin wani magidanci ne da ya yi ɗan zama a birni ya dawo garinsu yana son a ɗauke shi babban mutum. Kujerun ɗakinsa na aro ne, babbar rigarsa ta aro ce, a bakinsa ba wanda ya kai shi kyauta, amma ko ruwan sha ba ya son a sha masa. Yana da wani abokin ƙuruciya daga ƙauye wanda ba ya zuwa sai an sauke tukunya.

Na zo da niyyar ƙirga kurakurai, sai na sami kaina ina gyaɗa kai. Sun bi wasan daki-daki, ba su tsallake komai ba. Abin da suka sauya kaɗan ne, kuma da hankali. A zamaninmu maigidan rediyo yake saɓawa a kafaɗa ba batir a ciki. Yanzu babbar waya suka ba shi, yana kara ta a kunne yana ba da umarni a sauke masa kaya a Legas, alhali a kashe take. Yaron da ya fito a maigida, daga baya na ji Kirista ne daga wajen Zonkwa, ya iya naɗe hannun babbar riga fiye da wasu 'ya'yan sarauta da na sani. Autata kuwa ta fito da mayafinta daram, muryarta na kaiwa ƙarshen zaure ba tare da ta ɗaga ta ba. Sharaɗi na farko da na biyu sun tsaya.

Sai aka zo wurin da ya fi ko'ina daɗi. An yanka kaza, maigida da uwargida sun zauna, ya kai cinya baki ke nan sai baƙo ya yi sallama. Dole su yi tsit, su tura kwanon ƙarƙashin kujerar aro, kada su amsa, domin da zarar an amsa ya sami izinin shiga. Shi kuma ya zauna a ƙofa yana ba kansa labari, su suna ciki nama a baki, ba damar taunawa. Duk daɗin wasan yana cikin wannan shirun. Na san haka sarai. Amma a zamaninmu daga bayan labule baƙon yake sallama, don haka can na zuba ido.

Ina cikin haka sai na ji mutum a kafaɗata, da tsohuwar riga da sanda da buhu a kai, ya ce, "Salamu alaikum." Na ɗauka wani bawan Allah ne daga Lajawa ya makara. Na amsa masa da cikakkiyar murya, har da wa rahmatullahi wa barakatuhu, na janye ƙafata in ba shi wuri. Dattawan da ke bayana su ma suka amsa.

Ashe baƙon wasan ne. Sabon tsarinsu ke nan, ya shigo ta cikin 'yan kallo.

Yaron da ya fito a baƙo ya tsaya da buhu a kai, ya rasa gaba ya rasa baya. Maigida na kan dandamali da cinyar kaza a baki, idanunsa waje. An amsa sallama, saura me? In baƙo ya shiga, wasan ya mutu tun bai kai rabi ba, kuma ni na kashe shi.

Autata ce ta motsa. Ta matsa kusa da maigida, ta yi kamar raɗa amma kowa na ji, ta ce, "Malam, kada ka tauna. Ba daga gidan nan aka amsa ba. Maƙwabcinmu ne, dattijon nan mai kirki, Allah ya saka masa. Ko a gari na gaba aka yi sallama, shi sai ya amsa."

Yaron ya farfaɗo. Ya juyo ya ɗan rusuna mini, ya ce, "Na gode, Baba, amma ba wurinka na zo ba. Naka gidan ba ya ƙamshi." Ya wuce ya zauna a ƙofarsu, wasa ya koma kan hanyarsa.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani dattijo a bayana har da dukan buhunsa. Uwar yara ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba a lokacin, domin lissafi nake yi a kan sharaɗi na uku.

Da aka tashi, autar ta same mu a gindin wata darbejiya. Ta durƙusa, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na san na karya na ukun."

Na ce ta saurara, zan bi abin a jere. Na farko, ni na shiga wasanku ba a gayyace ni ba. Na biyu, kin kira ni dattijo, kin yi mini addu'a, ba ki ɗaga ido kin dube ni ba. Na uku, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne a ce mutum yana amsa sallama. Na ce mata shekara guda na yi ina riƙe littafin wasan nan, ban taɓa ganin wanda ya ceto shi ba tare da littafi ba. Ta ci gaba da wasanta, muddin karatun noma bai ja baya ba.

Uwarta ta ce, "To, maganar ƙamshin fa?" Na ce wannan tsakaninta ne da yaron, ni ba ni nake girki ba.

Mun kwana a gidan wani ɗan'uwan maƙwabcina, shi maƙwabcin kuwa ya dawo daga kara bai sayi ko igiya ba. Da safe muka kamo hanya, muka iso Azare kafin azahar. Tukwanen nan biyu sun iso lafiya, an kuma tuna mini da hakan fiye da sau ɗaya.

Abin da na koyo a tafiyar nan uku ne. Tsohon wasa ba ya tsufa idan ya faɗa hannun yara masu ladabi da kai. Tsari abu ne mai kyau, amma ranar da ya karye, mai nutsuwa ake nema, kuma na gano ina da irinta a gidana. Na ƙarshe, za su sake yin wasan bayan jarrabawa, na kuma ce zan koma. Na dai gaya wa autar ta nema mini kujera a tsakiyar layi, nesa da hanya, domin idan aka sake yi mini sallama a kafaɗa, zan sake amsawa.