Farantan Umma da Kwano Mai Agwagwa

Ummanmu ta yi shekara ashirin da takwas tana wanke farantai a wani babban otal, kuma wanda duk ya kira ta mai wanke-wanke da sigar raini zai ji abin da bai shirya ji ba. Ɗakin aikinta yana bayan kicin, babu taga, sai fanka mai ƙara da famfo uku da kantoci har rufi. Duk tangaran ɗin da zai shiga zauren cin abinci ta hannunta yake bi, ta hannunta kuma yake dawowa. Ita kanta ba ta taɓa zama a zauren nan ba ko sau ɗaya.

Tana da tata hanyar. Sai ta ɗora faranti a kan yatsu uku, ta ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ta kasa kunne. Mai lafiya amonsa ja yake yi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Ta kan ɗaga shi sama wajen fitila, in ta hango inuwar yatsunta ta bayansa ta san na ƙwarai ne. Soson ƙarfe ba ya shiga ɗakinta. Kuma faranti ba ya fita sai ta ɗumama shi a ruwan zafi ta goge shi tas, don a cewarta zuba abinci mai zafi a faranti mai sanyi daidai yake da tarbar baƙo da fuska a ɗaure. Masu girki suka laƙaba mata Likita, ita kuwa ta karɓi sunan hannu biyu.

Shekarar da ta yi ritaya otal ɗin ya canza kayan teburinsa, manaja ya ce ta zaɓi abin da take so cikin tsofaffin. Wuni guda ta yi tana ƙwanƙwasa, ta fito da goma sha biyu, farare masu siririn zare shuɗi a baki. Babanmu kafinta ne, ya haɗa musu kabad mai gilashi da hannunsa. Maƙwabta suka ɗauka na ado ne. Ina! Kullum a cikinsu ake ci, ko da shinkafa ce da mai kawai, har jikoki ma a ciki ake zuba musu. Umma ta ce ta gaji da ɗumama wa mutanen da ba ta sani ba faranti, yanzu lokacin mijinta ne.

Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya tafi, magana ta sarƙe. Ni ce auta, ni ce kuma ma'aikaciyar jinya a gidan, don haka na naɗe hannun riga na karɓe komai. Kwana biyu da dawowarsa daga asibiti faranti ya suɓuce masa ya tarwatse a ƙasa. Washegari na je kanti na sayo kwanon roba mai manne wa tire, ba ya zamewa, ba ya fashewa. A ɓangaren kayan yara na samo shi, da hoton agwagwa a gindinsa, amma ni ko a jikina. Umma ta jujjuya shi ta buɗe baki za ta yi magana, na tari numfashinta na ce wannan fannina ne, ta bar mini. Ta bar mini kuwa. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Baba ya daina cin abinci. Cokali ɗaya, biyu, sai ya juya fuska bango. Na canza girki, na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayana ya yi nasa lallashin, duk a banza. Mako uku wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likitansa ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in aka ƙara mako guda a haka, sai dai a zura masa robar abinci ta hanci. Baba yana ji, hawaye yana bin gefen fuskarsa. Na san robar nan sarai, na sha zura wa mutane, kuma ban so in ga ta a hancin ubana ba.

Rannan da rana na ɗauko kwanon zan kai masa ɗaki, Umma ta tsaya a ƙofar kicin ta zare shi daga hannuna. Ta buɗe kabad, ta ciro faranti, ta ƙwanƙwasa, ta tsoma shi a ruwan zafi, ta goge. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta sa yayana ya turo Baba a keken marasa lafiya zuwa wurin zamansa na kullum. Na ce mata zai fasa fa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ya fasa mana. Naki ne? Mutumin da ya ciyar da ku shekara arba'in, ki rasa abin da za ki ba shi sai kwano mai agwagwa?"



Ta zuba shinkafa kaɗan a tsakiya, miya a gefe, ta goge ɗigon da ya taɓa shuɗin zaren, ta ajiye a gabansa kamar yadda ake ajiye wa manyan baƙi. Sannan ta zuba nata ta zauna, ba ta ko kalle shi ba. Baba ya daɗe yana duban farantin. Ya miƙa hannun hagu ya shafa bakin farantin, ya ji ɗumi. Sai ya ɗauki cokali. Rabi ya zube a ƙyallen, rabi ya shiga baki, babu wanda ya taya shi. Ya cinye tas, ni kuwa na shige banɗaki na sha kukana.

Ba a zura robar ba. Cikin wata biyar ya ƙara fasa huɗu, kowanne Umma ta share ta zubar. Da bakinsa ya saki, abin da ya fara yi mini tsiya da shi ke nan: wai duk lomar da ya ci sai agwagwa ta leƙo tana kallonsa. Kwanon yanzu na mage ne, ita ma sai ta ga dama take sha a ciki.

Kwanan baya na ja Umma kanti don in cike mata gurbin biyar ɗin da suka fashe. Ta bi farantan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, mai kanti yana binta da ido, ta ce duk babu mai murya a ciki. Na nace ta ɗauki ko da biyu ne. Ta gyara jakarta ta nufi ƙofa.

"Bar su, auta. Bakwai sun ishe mu, tunda mai ci yana nan."