Kwat ɗin da Auta Ya Ƙona

Yau shekarunsa hamsin da biyu, da furfura da jika, amma duk layin Auta suke ce masa, don da sunan mahaifinsa ya saba kiransa. Shagon da yake ciki na Baba ne tun asali: ɗaki ɗaya, keken ɗinki, katakan hula jere a kan shiryayye daga ƙaramin kai zuwa babba. Baba ba ya awo. Kallon mutum kawai yake ya ce, "Kai naka kan sai katako na ƙarshe," a kwashe da dariya. A nan Auta ya koyi riƙon allura da sa sitaci.

Da cinikin hula ya ja baya, Auta ne ya kawo injin wankin da ba a sa ruwa, na kwat da kayan da ruwa ke ɓatawa. Ya fasa bango ya haɗa da shagon kusa. Baba ya koma lungu da kekensa, wani lokaci ya taya guga.

Wata rana wani lauya ya kawo farin kwat. Auta na cikin gogewa waya ta yi ƙara, ya kifa dutsen guga a kan kafaɗar kwat ɗin, ya fita bakin titi yana surutu. Ƙauri ne ya dawo da shi. Baba na tsaye a gaban teburin, dutsen a hannunsa, ya ɗaga don ya ceci rigar. Daidai nan lauyan ya shigo.

"Wa ya yi min wannan aika-aikar?"

Auta ya dubi lauyan, ya dubi Baba, ya ji bakinsa yana cewa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, ka san tsufa."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa. A lokacin mantuwa ta fara taɓa shi, sai ya ajiye tabarau a goshi ya yi ta nema. Ya ce a hankali, "Ni ne? To, Allah ya ba ka haƙuri, ɗana." Lauyan ya yi tsaki ya fice.

Washegari Baba bai zo shago ba, bai kuma sake zuwa ba. Ya ce wa surukarsa, matar Auta, wanda ya fara ƙona kayan mutane zaman gida ya kama shi.

Kasuwa ta buɗe wa Auta. Ya sa gilashi a ƙofa, ya ƙaro inji, amma bai kawar da keken Baba ba, share shi yake kowace safiya. Matarsa kaɗai ya faɗa wa gaskiyar maganar kwat ɗin, bayan shekara uku. Ta ajiye kwanon da take wankewa.

"Maigida, ni kake gaya wa? Ga shi can a ɗaki."

Ya ɗauki wata guda yana tara ƙarfin hali. Ran nan da hantsi ya shiga, ya durƙusa gefen gado. Baba ya rame, wasu ranakun ko jikokinsa ba ya ganewa.

"Baba, kwat ɗin nan na lauya, ni na ƙona shi. Ba kai ba ne."

Tsohon ya kama hannunsa yana murmushi. "Auta kenan, kullum kana rufa min asiri. Na ba ka kunya a gaban mutane, ka yafe min."

Auta ya maimaita har sau uku, yana hawaye. Baba ya ce a ba shi ruwa, ya tambaya ko wane ne wannan baƙon mai kuka.

Bayan wata biyar Baba ya rasu. Auta na nan a shagon. Idan kaya suka lalace, ko maɓalli ne ya tsinke, tun mai kaya bai buɗe leda ba yake cewa laifinsa ne. Mutanen layin suna yaba gaskiyarsa, wasu daga nesa suke kawo masa wanki saboda ita. Idan aka faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai, ya ce injin na jiransa.