Gaisuwar da ta bi ta kasuwanni

'Yata ta fari karatun taurari take yi a jami'a, ni kuwa ba na barin abu ya wuce ni ban tambaya ba. Da ta zo hutu Kiru, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na tsare ta sai ta gaya mini abin da take ƙona idonta a kai.

Ta ce akwai wani abu a sama da ake kira baƙin rami, nauyinsa har haske yake lanƙwasawa. In tauraro yana bayansa, haskensa sai ya rabu, wani ya bi ta dama, wani ta hagu, su iso mana ba lokaci ɗaya ba. Ramin kuma juyawa yake yi. Hasken da ya bi juyin yakan riga wanda ya saɓa masa, da wannan ratar ake son a gane saurin juyawar.

Na ce ashe fatauci take karantawa. Ta yi dariya, ni ban yi ba, don ta taɓo mini abin da na daɗe ina son a warware mini.

Tun kafin waya ta zo, mahaifina yana Doguwa, ya ba mutum biyu saƙo a zama ɗaya: a gaishe ni, a ce in zo ya ajiye mini zuma. Na farkon direba ne, ya biyo ta Kwanar Ɗangora ya kawo mini a ranar. Na je, na sha zumata, ina can ciwo ya kwantar da mahaifin nawa, Allah ya karɓi abinsa.

Na biyun ɗan kasuwar hatsi ne. Ranakun kasuwa zagaye suke yi, shi kuwa ya saɓa wa zagayen, duk garin da ya shiga sai ya tarar an ci kasuwa jiya, ya zauna jira. Sai bayan na dawo daga sadakar bakwai ya yi sallama a ƙofar gidanmu, da fara'arsa, bai ji komai ba. Ya ce babana yana gaishe ni, wai in zo ga zuma.

Bakina ya riga ni. Na ce ina amsawa. Tun ranar nake tunanin ko gaisuwa na amsa ko iska.

Shi ne na tambayi 'yata, in tauraron ya mutu kafin haske na biyu ya iso, wannan hasken na gaske ne?

Ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Nasa ne, Umma. Yana da rai ya aiko shi, hanya ce kawai ta yi nisa."

Daɗi ya kama ni. Na jawo kwaryar gabana, na sake amsa gaisuwar babana a hankali yadda ba za ta ji ba.