Ƙafar da Ta Ci Malumfashi

A tashar Funtua, wajen mai shayi, wani dattijo yana zaune cikin tsohuwar rigar ƙwallo wadda lambarta ta goge. Samari suna yabon sabon kocin garin, suna cewa tsohon kocin, marigayi Malam Romanus, bai iya komai ba sai sa mutane gudu cikin kunyoyin gona.

Jijiyar wuyan dattijon ta tashi. Ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa kan benci, babban yatsan a karkace.

"Kai yaro, dubi nan! Da ita muka ci Malumfashi, ba takalmi, tun kafin a san naira. Naku mai ɗauko 'yan haya daga Zariya, wa ya ci?"

Dariya suke yi. Ina zaton shi kaɗai ya rage cikin yaran Romanus. Motar Dandume da yake jira ta cika ta tashi, ƙafar tana nan kan benci.